Gidan Zanzaro a Bututun Fanka

Ranar Alhamis bayan sallar la'asar, Zinatu ta sauka daga kan babur a ƙofar gidan kakanta da ke Liba, tana riƙe da baƙar leda. Daga Aliero take, inda take shekararta ta ƙarshe a karatun injiniya. Kakan nata, Malam Tamu, yana zaune a inuwar wani rumbun laka da ya gina da hannunsa shekara talatin da suka wuce. Ginin rumbu shi ne sana'arsa, kuma a da babu ƙauyen da bai san shi ba daga Liba har Kuberi. Yanzu mutane sun koma ga buhu da ɗakin bulo, aikin ya ja baya, shi kuwa ya samu lokacin zama.

"Injiniya ta iso," in ji shi. "Mi kika kawo ma angonki cikin leda? In kilishi ne, haƙorana sun aje aiki."

"Wane ango, tsohon da ko tashi zai yi sai an ba shi hannu," in ji Zinatu. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta zazzage ledar a kan tabarma.

Abubuwa biyar ne na farar roba, kowanne girmansa bai wuce na buta ba. Gindinsu siriri, cikinsu ya buɗe ya yi tumbi, bakinsu ya sake tsukewa a sama. Daga tsakiyar tumbin zuwa sama sumul suke. Amma a ƙarƙashin tumbin, inda jikin yake buɗewa waje ba tare da komai ya tare shi ba, robar ta zazzago ta yi ƙuraje, wasu zare-zare suna reto kamar gemun bunsuru.

Malam Tamu ya ɗauki ɗaya ya juya shi. "Taliya ce ta ƙi dahuwa, ko kuwa?"

Zinatu ta yi masa bayani a tsanake. Aikinta na kammala karatu wata 'yar na'ura ce ta turawa da hannu, wadda za ta riƙa zuba irin albasa daidai a gadon reno, don kada wani wuri ya cika wani ya rasa. Ta haɗa taya da sanda da komai. Abin da ya rage shi ne mazubin irin, wato wannan mai tumbin. Ba a sayar da shi a kasuwa, sai dai a gina shi da wata firinta da ke shagon Muntari a Jega Magaji, cikin garin Jega. Firintar tana narkar da zaren roba, tana fitar da shi ta wani ɗan tsini, tana zagayawa tana ɗora sahu a kan sahu har abin ya tashi tsaye.

"Ranar Litinin zan tsaya gaban malamai," ta ce. "In mazubin bai fito ba, iri zai maƙale cikin ƙurajen nan, na'urar ba ta zuba komai, ni kuma sai baɗi. Zaren da ya rage bai wuce na mazubi biyu ba. Sabo daga Legas yake zuwa, kwana goma."

"To ki kife shi, ki gina daga baki."

"Ta ko'ina ka kife shi tumbin yana nan, Kaka."

"Ki sa mai tokara."

"Na sa. Dubi wancan. Tokarar tana cin zare, kuma in an ɓalle ta wurin ya fi da muni."

Tsohon ya shiga shafa ƙurajen da babban yatsansa, yadda yake shafa bangon rumbun da wani ya gina don ya ji inda aka yi ha'inci. Can ya ce, "Wanga an ɗora shi bisa ɗanye. Na ƙasa bai sha iska ba aka aza mai na sama."

"Ba laka ba ce, roba ce. Kuma akwai fanka a jikin tsinin, na buɗe ta har ƙarshe. Na rage zafi, na rage gudu. Duk abin da aka rubuta a yi, na yi."

"Gobe Jumu'a, dama zan tahi Jega sayen takalmi," in ji Malam Tamu. "Sai in biya in gaisa da maginin naku."

Da hantsi suka isa Jega Magaji. Shagon Muntari ɗaki ɗaya ne a bakin hanya, inda ake buga takardu, ake ɗaukar hoton fasfo, ake kuma cajin waya da wutar sola. Muntari mutum ne mai kimanin shekara talatin da biyar, mai yawan fara'a, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar wannan firinta, wadda yake kira Hajiya. Ya ajiye ta cikin kabad ɗin gilashi irin wanda masu cincin da fanke suke jera kayansu, ya shimfiɗa farin leshi a samansa. Tagar ɗakin a rufe take ruf, ga shi kuwa tsakiyar bazara ce.

"Baba, sannu da hanya," in ji Muntari, yana jawo kujera. "Ashe yau Hajiya ta yi babban baƙo."

"Ita ce wagga da ke cikin akwatin fanke?"

"Yara ne, Baba. Kowa ya shigo sai ya sa yatsa. Ga ƙudaje. Abu mai daraja ai sai da sutura."

Malam Tamu ya share gumi da gefen rawaninsa. Ya juya ga jikarsa. "In na samu laka baƙuwa, ba na fara rumbu da ita. Ɗan ƙarami nake ɗagawa tukuna, kamar akushi. Naki ba ya iya haka?"

Zinatu ta ɗan ji kunya, domin ta san da wannan, ruɗewa ce ta mantar da ita. Ta buɗe kwamfutarta ta yanko ɓangaren ƙarƙashin tumbin kaɗai, ɗan zobe mai tsawon gaɓar yatsa biyu, ta aika wa firintar. Tsinin ya yi zafi, ya sauko, ya fara zagaye. Wata 'yar fanka da ke manne a gefensa ta kama juyawa tana ƙara kamar sauro.

Tsohon ya matso da kujerarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ga sahu na farko ya kwanta, na biyu ya hau, na goma ya hau. Da jikin ya fara buɗewa waje, sai ya ga gefen yana ƙyalli, bai daskare ba tsinin ya sake zagayowa ya danne shi, ya lanƙwashe ƙasa.

"Buɗe min ƙofar akwatinga."

Muntari ya buɗe ba da son ransa ba. Malam Tamu ya lashi yatsansa manuni, ya miƙa shi kusa da tsinin.

"Baba, zai ƙone ka. Zafinsa ya fi na man suya."

"Hannun da ya yi shekara hamsin cikin rana." Ya riƙe yatsan a nan yana bin tsinin a hankali. Haka magina suke jin inda iska take da safe, kafin su san ta wane gefe za su fara ɗori. Ya janye yatsan ya nuna wa Zinatu. Yawun yana nan, bai bushe ba. "Fankarki tana waƙa, amma ba ta hura komi."

"Ga ta nan tana juyawa, Kaka."

"Ni ma bakina yana juyawa tun safe, wa ya ji sanyi?"

Zinatu ta tsayar da firintar, ta jira tsinin ya huce. A ƙarƙashin fankar akwai wani ɗan lanƙwasasshen bututu, wanda aikinsa shi ne ya kai iskar daidai inda robar take fitowa. Ta kwance ƙusoshinsa biyu, ta ɗaga shi ga hasken ƙofa ta leƙa. Haske bai ratso ba. Cikin bututun a toshe yake da jar laka, an shafe bakinta sumul.

Malam Tamu ya karɓa ya duba da kyau, fuskarsa ta washe. "Zanzaro ne. Ɗaki biyu ya yi, ya rufe ɗaya, ɗayan bai gama ba. Ku dubi shafen nan. Ba madubin ido, ba digiri."

"Mako biyu," in ji Zinatu a hankali, tana duban Muntari. "Mako biyu ina sauya lissafi, ina zargin kaina. Yaya Muntari, ta ina zanzaro ya shiga kabad ɗin da ko ƙuda ba ya shiga?"

Muntari ya sosa ƙeya. "Akwai hudar waya ta baya. Nakan gan shi yana shiga da safe, lokacin da Hajiya take hutawa. Ban san nan yake zuwa ba, wallahi."

"Ka gan shi, ka ƙyale shi?"

"To ai Salma tana da ciki wata takwas," in ji shi, yana nufin matarsa. "Inna ta ce min, muddin akwai mai ciki a gida, kada in kori zanzaro, kada in fasa mai gida. Ni ban ce gaskiya ne ba. Amma ban ce ƙarya ne ba."

Zinatu ta ciro wani siririn ƙarfe daga jakarta. Muntari ya yi wuf ya rufe bututun da tafin hannunsa.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Saura wata ɗaya."

"Ni saura kwana uku."

"Bututun nawa ne."

"Shekarar tawa ce."

Suka tsaya suna duban juna, kowa da gaskiyarsa. Malam Tamu ya miƙa hannu. "Innarka ta ce kada a fasa. Ta ce kada a yi mai ƙaura?"

Muntari ya yi tunani. "Ba ta ambaci ƙaura ba."

"To ba ni ruwa kaɗan da tsinken tsintsiya."

Ya zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi. Yana tsoma tsinken a ruwa yana bin gefen lakar, inda ta manne da bututun, ɗigo bayan ɗigo, ba ya gaggawa. Laka ba ta kama roba da ƙarfi, ya ce, tana zaune ne kawai. Bayan kamar minti ashirin ya kife bututun a tafinsa ya ƙwanƙwasa sau biyu, gidan ya faɗo ɗungurungum, girmansa bai kai ƙwayar dabino ba. Ya ɗebo ƙasa a gindin bango ya kwaɓa da sauran ruwan, ya manna gidan a kusurwar taga daga ciki, ya shafe gefensa da yatsa.

"Sai ka bar mai tagar a buɗe, tunda kai ne mai masaukin," ya ce da Muntari. "Ita kuma Hajiya a fiddo ta ta sha iska. Ko fanke aka bari cikin nan da zafinga sai ya yi gumi."

Aka tafi masallaci, aka dawo. Zinatu ta wanke bututun ta mayar, aka ɗora firintar a kan tebur kusa da taga, ta sake aika ɗan zoben. Wannan karon gemun bai fito ba. Sai dai a sama, inda tumbin ya fi kwantawa waje, gefen ya ɗan yi kunne, ya yi kaushi. Zinatu ta zuba irin albasa kaɗan a kai ta karkata shi. Yawancin ƙwayoyin suka gangara, huɗu suka maƙale.

"Huɗu ma sun isa su toshe min hanya," ta ce.

Malam Tamu ya karɓi zoben. "Sahunki ya yi kauri a nan. In zan buɗe cikin rumbu, sahun da nake ɗorawa rabin na gindi ne, ko ƙasa da haka. Siriri, kuma fiye da rabinsa yana zaune bisa ɗan'uwansa, kaɗan ne ke leƙa waje. Sannan ta ciki nake farawa, na waje ya jingina da shi. Naki ta ina yake farawa?"

Zinatu ta duba kwamfutar. "Ta waje."

"To bisa mi zai jingina?"

Ta gyara wannan. Ta rage kaurin sahu zuwa ƙasa da rabi a ƙarƙashin tumbin kaɗai, ta bar sauran jikin yadda yake, ta kuma ƙara rage gudun tsinin a wurin.

"Saura abu ɗaya," in ji tsohon, ya gyara zama, domin ya ga maganarsa tana shiga. "Kowane sahu a bar shi ya kwana. Haka ake yi."

"Sahu ɗari bakwai ne, Kaka."

"To?"

"Shekara biyu ke nan, ba kaɗan. Sai in zo karɓar takardata da tattaɓa-kunnenka a baya. Roba tana daskarewa kafin ka ƙirga goma, in dai ta samu iska."

"Shi ya sa ba ta kai shekara talatin," in ji shi, amma bai ƙara matsawa ba.

Gwaje-gwajen sun cinye zaren mazubi ɗaya. Saura na ɗaya tak, kuma da sabon tsarin aikin zai ɗauki awa tara. Suka kwana a gidan wata ƙanwar mahaifiyar Zinatu a cikin gari. Asabar da sassafe, rana tana fara taɓa faifan solar da ke kan rufi, Zinatu ta yi bisimilla ta danna.

Gindin ya tashi lafiya. Wajen ƙarfe goma aka shiga tumbin. Malam Tamu ya zo da mafici, ya ce zai taimaka wa fankar, wadda a ganinsa ƙarama ce ga aikin. Zinatu ta yarda da sharaɗin kada ya kaɗa da ƙarfi kuma kada ya taɓa tebur. Muntari ya hana kowa shigowa, masu son hoton fasfo ya ce su dawo da yamma. Sahu yana hawa sahu, kowanne yana leƙawa waje kaɗan, yana daskarewa kafin tsinin ya zagayo.

Ana cikin haka sai aka ji wata ƙara ta shigo ta taga. Zanzaron ne, baƙi, mai siririn ƙugu, yana ɗauke da ɗan curin laka. Ya nufi kabad ɗin gilashi, ya shiga ta hudar waya, ya tarar da shi fayau, ya fito. Ya zagaya ɗakin sau biyu, ya gane firintar, ya sauko yana bin bututun da yake ta kai da kawowa. Bututun ya ƙi tsayawa. Da ya gaji, sai ya fara shawagi a saman bakin mazubin, yana neman wurin sauka.

"In ya aje lakar nan a kan sahun, tsinin zai bi ta kai," in ji Zinatu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shi ke nan."

"Tsayar da Hajiya," in ji Muntari.

"In na tsayar a nan zai bar tabo, daidai inda ba na so."

Zinatu ta cire takalminta za ta buge zanzaron. Muntari ya riƙe ɗaya gefen takalmin. "Ƙanwata, Salma."

"Ku saki takalmin ku duka," in ji Malam Tamu. Bai tashi daga kujera ba. Ya sa maficin tsakanin zanzaron da mazubin, ya kaɗa sau ɗaya a hankali. Zanzaron ya ja baya ya dawo. Ya sake kaɗawa, yana yi masa magana kamar yadda ake yi wa abokin aiki. "Ba nan ba, malam. Wanga ba gininka ba ne. An sauya maka unguwa." Da kaɗan-kaɗan ya tura shi wajen taga. Zanzaron ya sauka a jikin katako, ya taka ya taka, ya iske gidan da aka manna jiya. Ya daɗe yana shafa shi da ƙahonninsa. Ko ya gane nasa ne, ko kuwa ya ga gida ne kyauta, babu wanda ya sani. Ya dai aje lakarsa a bakin ɗakin da ba a gama ba, ya fara shafe.

Muntari ya saki takalmin ya zauna a kan benci. Zinatu ta mayar da idonta ga firintar. Tsinin ya wuce wurin da ya fi kwantawa, gefen yana tsaye, ba kunne ba gemu.

Bayan la'asar aka gama. Da farantin da firintar take gini a kai ya huce, ta ɓamɓare mazubin ta miƙa wa kakanta kafin ita kanta ta duba. Ya rufe ido ya bi ƙarƙashin tumbin da babban yatsa, ciki da waje, zagaye biyu.

"Akwai ɗan tudu nan," ya ce.

"Nan ne inda kowane sahu yake farawa. Dole ne."

"Ni ba na barinsa."

Ta zuba irin albasa cikin cokali uku ta bakin mazubin, ta tara hannu a ƙasa. Suka gangaro gaba ɗaya. Ta leƙa ciki, babu ko ƙwaya ɗaya da ta rage.

Ranar Litinin a Aliero, ta tura na'urarta a kan gadon da aka gyara a bayan ajinsu, irin ya zuba layi-layi, tazara daidai. Ɗaya daga cikin malaman ya ɗauki mazubin ya juya shi, ya tambaye ta yadda ta fitar da wannan tumbi ba tare da tokara ba. Ta lissafa masa: siririn sahu, bangon ciki kafin na waje, rage gudu, da iska mai isa. Ya ce duk wannan yana cikin littafi. Ta ce haka ne, ranka ya daɗe, sai dai ta ƙara da cewa a riƙa jiƙa yatsa ana dubawa ko iskar tana fitowa. Malaman suka yi dariya, suka sa hannu a takardarta.

Ranar Laraba ta koma Liba. Malam Tamu yana inuwar rumbunsa, sanye da tsohon takalminsa, domin har suka baro Jega bai tuna da sabon ba.

"Na ci," ta ce, bayan ta gaishe shi. "Kuma na sa sunanka a shafin godiya. Malam Tamu na Liba, magini."

"Madalla. Shi fa ɗayan?"

"Yaya Muntari yana nan, layi na uku."

"Ba shi ba. Na bakin taga."

"Kaka, shi ne ya kusa sa ni maimaita shekara."

"Aikinsa dai ya fi na Hajiya tsabta," in ji tsohon. Ya miƙa mata hannu. "Kama ni in tashi, ki zo ki ga wata tsaga a bayan rumbun nan. Ina son in ji mi karatunki zai ce."